Yankan Kebul a Gidan Mailafiya

Ranar Talata bayan azahar aka sake yanke kebul ɗin intanet na gidan Alhaji Mailafiya. Karo na uku ke nan cikin wata guda.

Mu'minat, autar Alhaji, ita ta fara ganewa. Tana ɗakinta tana rubuta jarrabawar gwaji ta karatun jinya a kwamfuta, sai shafin ya tsaya cak. Ta kashe ta kunna, ta jira, ta sake kashewa. Da ta gaji ta fito tsakar gida, ta bi bango da kallo, sai ga bakin kebul ɗin yana reto kusa da ginshiƙin baranda. Lokacin jarrabawar ya ƙare tana tsaye a wurin.

Kafin magariba zancen ya gama unguwar. Masu shayi suka ce 'yan jari-bola ne. Matan maƙwabta suka ce hassada ce, domin duk layin babu gidan da aka ja wa irin wannan kebul. Amma da aka yi ta juya maganar, sai ta tsaya a kan mutum ɗaya: Silas mai injin niƙa, wanda shagonsa ke manne da katangar gidan. Shagon yana da ƙofar baya da yake bi ya ɗebo ruwa a rijiyar tsakar gida. Kuma kowa ya ji cacar bakin da suka yi da Musaddiq, babban ɗan Alhaji, ranar da aka canza lambar sirrin waifai aka hana Silas sabuwar.

Musaddiq ya tsaya a bakin shagon, ya ce wa Silas ya kwashe injinsa kafin Juma'a, in ba haka ba maganar ta koma hannun 'yan sanda. Shekara goma sha ɗaya Silas yana niƙa a wurin.

Mai unguwa ne ya shiga tsakani. Ya ce a dakata, a kira Sati.

*

Sati mutumin Zugurma ne. Shekara talatin ya yi yana gadin daji, yana bin sawun mafarauta da shanun da suka ɓata. Da ya yi ritaya ya dawo Kontagora wajen 'yarsa, kuma har yanzu in akuya ta ɓata ko an haura katanga, shi ake nema. Dogo ne siriri, ba ya saurin magana. Wayarsa ƙarama ce mai madannai, bai taɓa shiga intanet ba.

Ya iso da safiyar Laraba. A soro Musaddiq ya tare shi.

"Baba Sati, aikin ba mai yawa ba ne. Mun san mai yi. Tabbaci kawai muke so."

"In kun san shi, ai kun huta da ni."

Musaddiq ya ɗan sunkuyar da kai. "Abu ɗaya nake roƙo. Kada Baba ya ji wannan rigimar. Yana da hawan jini, mun hana a kai masa duk abin da zai tayar masa da hankali."

Sati ya duba ƙasa tukuna, kamar yadda ya saba. Tsakar gidan siminti ne, an share shi sau biyu tun jiya, kuma rabin unguwa sun tattake shi wajen kallo. Babu abin da ƙasa za ta gaya masa.

Ana nan sai ga Nafisa, wadda ta haɗa na'urorin. Tana da shagon gyaran waya da kwamfuta a bakin kasuwa, ta zo da jakar kayan aikinta a kafaɗa.

"'Yata, ki yi mini bayani kamar wanda bai san komai ba," in ji Sati. "Domin ban san komai ba."

Ta yi murmushi. "Baba, akwai babbar na'ura, rauta, mu kira ta uwa. Ita ke karɓo intanet daga waje. Tana falon Alhaji, saboda can batirin sola yake. Sai ƙanana uku, 'ya'yanta, ɗaya a kowane sashe. Da farko ta iska suke magana da uwar. To gidan nan tsohon gini ne, bangon ƙasa mai kauri aka shafe da siminti, ga kwano a sama. Kafin sabis ya ratsa bango uku ya mutu. Shi ya sa wata biyar da suka wuce na ce a ja kebul, kowace 'ya ta sha kai tsaye daga uwar."

Ta nuna masa da yatsa. Shuɗin kebul ya fito ta jikin ƙofar falon Alhaji, ya bi bangon baranda daidai kafaɗar mutum, an ɗaɗɗaure shi da ƙananan ƙusoshi. Daga ginshiƙin ƙarshe ya hau sama, ya tsallake tsakar gida zuwa wani ƙaramin akwati, daga nan ya rabu uku.

"Duk sau ukun a nan aka yanke?"

"A nan, gab da ginshiƙi. Kafin ya rabu. Shi ya sa gidan gaba ɗaya ke tsayawa."

"Tsayawa ƙaf?"

"'Ya'yan suna komawa neman uwar ta iska, amma abin da ke isa bai taka kara ya karya ba. Sai dai mutum ya matso kusa da uwar."

"Ɓera fa?"

Ta buɗe jaka ta fito da guntaye biyu da ta cire a gyaran baya. "Na ajiye su. Ɓera gwaguya yake yi, ka ga wannan ba haƙori ba ne."

Sati ya ɗauke su zuwa rana, ya jujjuya. Ya je ya kama wanda ke reto, ya daɗe yana kallon bakinsa.

"An ɗauke wani abu?"

"Ko taƙi ɗaya. Kuma jan ƙarfen da ke ciki bai kai ɗan jari-bola ya haura katanga dominsa ba."

"To 'yan jari-bola sun fita," in ji Sati. Ya sa guntayen a aljihu. "Kada ki gyara tukuna."

*

Injin Silas yana ruri da Sati ya shiga. Garin niƙa ya mai da mutumin fari fat, har gashin ido. Ya kashe injin, ya goge benci da hannun riga.

"Sannu da zuwa, Baba. Na san abin da ya kawo ka."

"Kun yi faɗa da Musaddiq?"

"Mun yi. Da lambar nake kiran 'yata Miracle a Minna, in ga fuskarta ranar Lahadi. Na ba wani, wani ya ba wani, har layin nan duka suka hau. Da ya canza, na ji haushi, na faɗi abin da bai kamata ba. Na ce abin da aka ja da ƙusa ai ana iya cire shi." Ya share fuska. "Bakina ne ya faɗa. Hannuna bai yi ba."

"Jiya bayan azahar ka shiga gidan?"

"Na shiga. Injin ya yi zafi, na ɗebo ruwa bokiti biyu. Ban ga kowa ba, ban kuma kalli bango ba."

Sati ya nemi ya ga kayan aikinsa. Akwai filaya, akwai almakashin ƙarfe, akwai guduma. Ya ɗauko guntun kebul daga aljihu, ya ce Silas ya datse da filayar. Ya datse, ƙat, sau ɗaya. Sati ya haɗa bakin sabon yankan da na tsohon, ya duba, ya mayar aljihu.

"Alhaji da hannunsa ya ba ni wurin nan," in ji Silas, muryarsa ta yi ƙasa. "Na zo daga Rijau ban san kowa ba. Ya ce in zauna, gari ba ya ƙin mai niƙa. Da yamma yakan fito ya zauna a bencin nan, muna hira har a kira salla. Rabon da in gan shi a ƙofar gida tun kafin azumi. Da zan gan shi, da na gaya masa da bakina. 'Ya'yansa sun ce ba ya son hayaniya."

*

Akwai wata maganar da ta iso kunnen Sati tun a soro: wai Bashira, matar Musaddiq, ta sha cewa wata rana da kanta za ta tsinke kebul ɗin nan. Ya same ta tana tankaɗe a ƙofar kicin.

"Na faɗa, Baba, ba sau ɗaya ba," ta ce. "Yara su dawo makaranta, kowa ya shige ɗaki da waya. In yi ta kira abinci ya huce. Uban ma haka. Amma ni ranar Litinin na tafi Kumbashi ta'aziyya, ban dawo ba sai jiya da la'asar. A mota na ji labari."

"Karo biyun farko fa?"

"Ina gida. Sai dai in na yi niyyar yi, ba a ɓoye zan yi ba. A gabansu zan yi."

Sati ya yi dariya kaɗan. Ya yarda da ita.

"Lokacin azahar wa ke gidan nan?"

"Maza suna kasuwa, yara suna makaranta. Mu mata kowa na ɗakinta, ga zafi. Mu'minat na karatu."

"Alhaji fa, wa ke kai masa abinci?"

"Duk wadda ke da girki. A kai, a ajiye masa a tebur, a gaishe shi."

"Wa ke zama su ci tare?"

Bashira ta tsayar da rariyar.

"Da dai falon nasa ba ya rabuwa da mutane," ta ce a hankali. "Yanzu kowa da abin da ya sha masa kai."

*

Falon Alhaji Mailafiya yana da sanyi da duhu-duhu, labule a sake. A saman kabad rautar tana ƙyafta korayen fitilu. Tsohon yana zaune a kan darduma ya jingina da kujera, rediyo na magana ƙasa-ƙasa a gefensa.

Sati ya yi sallama.

"Wa nake ji kamar Sati na Zugurma?" Fuskar Alhaji ta washe. "Shigo, shigo. Yau wace rana."

Sun san juna tun Alhaji yana zuwa Zugurma da babbar mota sayen dawa. Ya miƙo hannu, Sati ya ɗan matsa gefe kafin hannuwansu su haɗu. Suka gaisa, suka tambayi iyali, suka yi ta lissafa waɗanda suka rasu. Alhaji ya tuna shekarar da motarsa ta kafe a rafi, Sati da abokan aikinsa suka yini suna tura ta. Ya ba da labarin tun daga farko har ƙarshe, yana dariya, kamar wanda ya daɗe yana ajiye magana bai sami inda zai sauke ta ba.

Sati ya ciro goro daga aljihu ya miƙa masa, bai yi magana ba. Hannunsa na tsaye a tsakaninsu. Alhaji ya ci gaba da labari, fuskarsa na fuskantar Sati, bai karɓa ba.

"Ga goro, Alhaji."

"Allah ya yi albarka." Ya buɗe tafin hannu, Sati ya ɗora masa. Ya laluba ƙarƙashin darduma ya ɗauko 'yar wuƙa mai ƙotar ƙaho, ya yanka goron ƙanana-ƙanana saboda haƙora.

"Me ya kawo ka unguwarmu?"

"Wucewa nake yi, na ce bari in gaishe ka."

"Ka kyauta. Ba kowa ke tsayawa ba." Ya tauna goron. "Jiya da yamma ma falon nan ya cika. Abin nasu ya lalace, duk suka taho nan. Yau ma ina jin za su zo."

Sati ya daɗe kafin ya miƙe. Da zai fita, Alhaji ya ce ya ƙara zama kaɗan. Ya ƙara.

*

La'asar ta yi sanyi da ya fito baranda. Rana ta karkata, haskenta ya kwanta a jikin bango. Tun safe ƙasa yake kallo. Yanzu ya ɗaga kai.

Garin da ke tashi daga injin Silas yana ƙetare katanga ya sauka a kan komai a gidan: kan taga, murfin rijiya, igiyar shanya. Kebul ɗin da ya tsallake tsakar gida ya yi fari, da ƙyar ake gane shuɗi ne. Amma daga ginshiƙi zuwa ƙofar falo, shuɗinsa tas, kamar an goge shi da tsumma. Sati ya matsa. A bangon, ƙasa da kebul ɗin kaɗan, wani dogon layi ya bi shi, inda gari ya share: sawun yatsu uku da aka ja, daga bakin ƙofa har ginshiƙi.

Ya koma bakin ƙofar. Ya rufe ido, ya ɗora hannu a kan kebul ɗin, ya bi shi a hankali. Yatsunsa suka faɗa daidai cikin layin. Taku goma sha tara, sai kebul ɗin ya kuɓuce masa ya hau sama, ƙafarsa kuma ta ji bakin matakala. A nan ya buɗe ido. Bakin yankan yana gaban fuskarsa.

Ya zauna a kan matakalar. Yara suka fara fitowa daga sassa da wayoyi a hannu, suna wuce shi suna gaisarwa, suna shiga falon kakansu. Daga ciki ya ji muryar tsohon tana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya.

Da Musaddiq ya dawo daga kasuwa, Sati ya ce masa gobe bayan la'asar a tara kowa, har da Silas da Nafisa da mai unguwa.

"A soro?"

"A falon Alhaji."

"Baba Sati, na roƙe ka—"

"Ka roƙe ni, na kuma riƙe. Amma gidansa ne. In ba a can ba, ba zan yi magana ba."

*

Ranar Alhamis falon ya cika maƙil. Silas ya yi wanka ya sa rigar coci, ya zauna a bakin ƙofa. Mata suka jeru ta bango. Alhaji yana wurinsa, yana juya kai duk inda murya ta fito.

"Lafiya dai?" ya ce. "Yau har da mai unguwa?"

"Lafiya, Alhaji," in ji Sati. "Maganar kebul ce. An ce in bi sawu, na bi. Zan faɗi abin da na gani."

Ya fito da guntayen ya ajiye a tabarma.

"Ba ɓera ba ne, domin babu haƙori. Ba ɓarawo ba ne, domin ba a ɗauki komai ba. Bashira tana Kumbashi. Saura Silas, wanda aka ce gobe ya kwashe injinsa ko a kai shi wurin 'yan sanda."

Kan Alhaji ya ɗago. "Wa za a kai?"

Kowa ya juya ya kalli Musaddiq.

"Musaddiq, da kai nake. Wa ya ce Silas ya tashi?"

"Ni ne, Baba. Ba mu so ku ji ba."

Sati ya ci gaba, muryarsa ba ta canza ba.

"Filayar Silas datsewa take yi sau ɗaya, ta matse bakin. Waɗannan an yi ta goga musu ƙaramar wuƙa ne har suka rabu. Mai filaya ba zai wahalar da kansa haka ba. Sannan wanda ya shigo ta ƙofar bayan shago, kai tsaye zai nufi ginshiƙi. Wannan bai zo kai tsaye ba. Garin niƙa ya rufe kebul ɗin ko'ina, ban da taku goma sha tara. A nan hannu ya share shi. Mutumin ya bi kebul ɗin da hannu tun daga inda ya fito, ya tsaya inda hannunsa ya daina kai wa."

Mu'minat ta juya ta kalli inda kebul ɗin ya fita ta jikin ƙofar falon, sannan ta kalli mahaifinta.

"Ƙarasa, Sati," in ji Alhaji.

"Nan sawun ya tsaya mini. Abin da ya rage naka ne."

Tsohon ya sa hannu ƙarƙashin darduma, ya ciro 'yar wuƙar goron, ya ajiye a gabansa.

"Ni ne. Duk sau ukun."

Rediyon da aka manta ba a kashe ba yana ta magana. Nafisa ta miƙa hannu ta kashe.

"Ranar da Nafisa ta zo jan kebul, ina zaune ina jin bayaninta. Ta ce in an ja kebul, ba sai kowa ya riƙa zuwa ya dami Alhaji ba. Na yi dariya tare da ku. Da can kullum da yamma nan kuke taruwa saboda sabis. Yara na faɗa a kan wurin caji, Mu'minat na karanta sunayen ƙasusuwa da ƙarfi, matan nan na ta hirarsu. Ba da ni kuke ba, na sani. Amma ina jin motsinku. Tun da aka ja abin nan, sai a ajiye mini kwano a ce ina wuni, kafin in amsa an fita. Da na yanke na farko, kwana biyu falon nan a cike. Sai na kasa dainawa."

"Baba, da kun faɗa," in ji Musaddiq. "Da kun kira mu."

"In ce me? Ku zo ku zauna da ni? Ni da na haife ku?"

"Amma me ya sa da hannu?" Mu'minat ce. "Me ya sa kuka bi shi da hannu, Baba?"

Ya juyo wajen muryarta, amma kallonsa ya sauka a bango, gefen kafaɗarta.

"Tun kafin azumi abin ya fara, kamar hayaƙi. Yanzu haske da duhu kawai nake bambancewa. Na san hanyar bayi, na san alƙibla, na san muryar kowa. Da fari kunya ta hana ni faɗa. Daga baya sai na ce bari in ga wa zai lura." Ya yi ɗan murmushi. "Sai da aka ɗauko mutum daga Zugurma."

Musaddiq ya rufe fuska da hula. Kafaɗunsa suna motsi, ba sauti.

Mu'minat ta rarrafa ta durƙusa gaban mahaifinta. Ta kunna fitilar waya, ta riƙe haɓarsa da hannu ɗaya, ta haska idon dama, ta haska na hagu. Tsakiyar kowanne ya yi fari kamar an ɗiga nono.

"Kuna ganin hasken?"

"Ina gani."

"Ina jin yanar ido ce, Baba. Likita ne zai tabbatar, amma in ita ce, ana cirewa. Mutane da yawa suna komawa su gani." Hawaye ya zubo mata. "Ni da nake karatun jinya, bango biyu tsakanina da ku."

"Ni ma na ɓata miki jarrabawa. Ban san kina yi ba. Ki yafe mini."

"Ta gwaji ce. Akwai wata."

Alhaji ya ɗaga murya kaɗan. "Silas yana ina?"

"Ga ni, Baba."

"Matso. Ba zan iya zuwa ba."

Silas ya ratsa mutane ya durƙusa. Tsohon ya laluba ya kamo hannunsa da hannu biyu.

"Na sa an kira ka ɓarawo a unguwar da ka yi shekara goma sha ɗaya ba a ji kanka da kowa ba. Wallahi ban sani ba. Amma ni na jawo."

"Ya wuce, Baba. Ni ma da na yi kunnen ƙashi na shigo na duba ka."

Musaddiq ya sauke hular. Idanunsa sun yi ja. "Silas, a bakin shagonka na tozarta ka, gaban mutane. A can zan je in ba ka haƙuri, gaban mutanen." Ya juya wajen Nafisa. "Ki cire shi duka. Kebul ɗin da ƙananan na'urorin."

"A'a," in ji Alhaji. "Ta gyara. Yarinya na da karatu, kai kana da kasuwanci, Silas na da 'ya a Minna, a ba shi lambar. Kebul bai yi mini laifi ba. Ba na son wanda sabis zai koro mini. Wanda zai zo, ya zo."

Nafisa ta share ido da bakin mayafi. "Wannan karon sabo zan ja, Alhaji, ba ɗauri. Kuma zan bar shi a inda yake. In kuna son fita baranda, ga abin riƙewa."

Aka ɗan yi dariya, irin wadda ke zuwa bayan kuka. Mai unguwa ya yi addu'a, aka shafa. Musaddiq ya ce da sassafe za su tafi asibitin ido, Mu'minat ta ce da ita za a je.

Ana shirin tashi, jaririyar da ke bayan Bashira ta farka ta yi ƙorafi. Alhaji ya karkata kai.

"Zaituna ce?"

"Ita ce, Baba."

"Akwai sauran abu ɗaya da zan faɗa, tunda yau ranar faɗa ce. Ranar sunanta da aka miƙo mini ita, na ce ta ɗauko goshin kakarta. Kowa ya ce haka ne. Ban gan ta ba. Faɗa kawai na yi."

Bashira ta kwance zanen goyo, ta zo ta ɗora masa yarinyar a cinya, ta zauna nan kusa ba ta koma wurinta ba. Tsohon ya goge hannunsa a riga. Ya fara daga gashin kai, a hankali, ya sauko goshi, ya daɗe a wurin. Ya bi gira, ya bi hanci. Yarinyar ta kama babban yatsansa ta kai baki.

"To ashe ban yi ƙarya ba," ya ce. "Goshin Hajiya ne."

Sati ya miƙe ba tare da ya yi sallama ba, don kada ya katse su. A bakin ƙofa takalma sun taru tuli, manya da ƙanana, wasu kan wasu. Ya daɗe a sunkuye kafin ya gano nasa.